Shekarar da Na Sa Baba Tanko Ya Rataye Kalangu

Samarin da ke zuwa shagona a Yalwawa sukan gan ni zaune a kan benci ina shan iska, sai su ce wai Malam Sale ya more, sana'arsa babu gumi. A ganinsu buɗe shagon gem, wato wasan bidiyo, shi ne ka sayi talabijin huɗu, ka jona waya, ka zauna kana korar ƙuda. Kwanan baya wani ya ce da zarar ya gama bautar ƙasa zai buɗe nasa, kuma shi ba zai ajiye irin tarkacen da ke kusurwar nan ba. Tarkacen da yake nufi tsohuwar talabijin ce mai ƙusumbi, wadda sai ƙarti biyu suke iya ɗaga ta. Ranar ban tanka masa ba, don bakina cike yake da gyaɗa. Amma tunda maganar ta fara yawa, bari in gaya muku yadda sana'ar take, da dalilin da ya sa ko mota za a ba ni ba zan rabu da mai ƙusumbin nan ba.

Aikin farko da aka taɓa sa mini a hannu wata rediyo ce mai batir huɗu, ta wani manomi daga hanyar Ringim. Maigidana Malam Hudu mai gyaran rediyo ya miƙo mini ita, ya ce in nemo abin da ke damunta, ya tafi jana'iza. Na sa mata sababbin batura, ba ta yi magana ba, na kwance ta kaf. Na auna nan da mita, na auna can, na narka dalma a wuri uku, na ƙona ɗan yatsa a wuri biyu, rediyo ta ƙi cewa uffan. Da ya dawo bai ko zauna ba, ya buɗe gidan batir, ya juya guda ɗaya da na sa a baibai, sai ga mai labarai yana magana. Ya ce mini kafin in zargi abin da ke cikin na'ura, in fara zargin abin da na sa mata da hannuna. Shekara shida na yi a wurinsa, kuma na ɗauka na riƙe wannan magana. Ashe a kunne kawai na riƙe ta.

Daga rediyo na koma talabijin, daga talabijin na faɗa gem, lokacin da injinan suka fara shigowa cikin kayan gwanjo daga Kano. Kayan aikina ba su cika gwangwanin madara biyu ba: ƙananan sukundireba uku, tsohon burushin haƙori, auduga da sifirit na goge idon inji, fensir, da takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin taba. In maɓallin fad ya mutu, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, sai ka buɗe shi, ka wanke daɗɗen gumi da man ƙuli-ƙuli, ka goga fensir a kan robar. In ya ƙi, ka yanko takardar taba daidai ƙwayar gero ka manna. Inji kuma in ya tsufa ya daina karanta faifai, akwai wanda sai ka kifa shi a kan cikinsa sannan ya yarda ya yi aiki. Ina da wani da ya shekara huɗu a kife, duk wanda ya zo ya ga kamar kuskure ne ya gyara masa zama, sai na kore shi.

Masu zuwa kuwa, yawancinsu gem ɗin ƙwallo ke kawo su, kuma su ne masu karya mini kaya. A duk shekarun nan na ga wanda aka ci ya ce fad ce, na ga wanda ya ce janareto ne, na ga wanda ya ce abokin wasansa ya yi masa tari a kunne. Mutum ɗaya tak na taɓa gani wanda aka ci ya ce hannunsa ne, kuma shi kaɗai ne ba hannun nasa ba ne.

Wani faifai ya zo mini a ƙasan kwali, ba ni na zaɓe shi ba. Rubutun jikinsa kamar sawun kaji, har yau ban samu wanda ya karanta mini sunansa ba. Da na sa shi, sai ga wani kwaɗo da hular kuku a bayan gidan abinci, ga wata ƙatuwar dorina, uwar ɗakinsa, tana wurgo masa farantan tangaran ta taga. Kiɗa na tashi, kwaɗo zai cafe, ya cuɗa, ya ɗauraye, ya jera, kowanne da maɓallinsa da ƙararsa, kuma dole ka danna daidai kan bugun kiɗan. Ka yi latti ko ka yi gaggawa, faranti ya tarwatse, dorina ta haɗe rai. Shi ke nan gem ɗin, ba bindiga, ba mota. Na ce wannan shirme ne, na kusa ba mai rake ya rinƙa kore ƙuda da shi. Kafin mako biyu unguwa ta sa masa suna Kwaɗo Wanke-wanke, kuma har wani magidanci ya zo ya yi mini ƙorafi cewa ya kama kansa yana alwala a kan kiɗan kwaɗo.

Jikin shagona akwai tukubar Sarkin Fawan unguwarmu, kuma a nan Baba Tanko mai kalangu yake yini. Shi ke yi wa mahauta kiɗa tun ban san Dutse ba. In aka yi yanka mai kyau, kalangunsa ne ke gaya wa mata a cikin gida, tun kafin ƙamshin tsire ya isa. Dattijo ne siriri, marar yawan magana, kuma bai taɓa ko leƙa shagona ba, don a wurinsa gem aikin marasa aikin yi ne.

Wata ranar Laraba bayan la'asar, samari sun cika shago suna ta fasa faranti, sai na ga an ɗaga labule. Baba Tanko ne, fuska a murtuke. Na zaci ƙara ce ta dame shi, na miƙe zan rage. Ya ce ba ƙarar ba ce, ɓarnar ce. Wata guda ke nan yana zaune a waje yana jin ana yanka kiɗa ba bisimilla, kunnensa ya gaji. Ya tambayi wanne ake dannawa in an ji wace ƙara, aka nuna masa sau biyu. Bai riƙe fad yadda ake riƙewa ba, a kan gwiwa ya ɗora ta, ya jera yatsu huɗu, ya rufe ido.

Faranti ɗaya ya fasa a waƙar farko, shi ma don wani ya yi atishawa. A ta biyu bai fasa ko ɗaya ba. Da aka kai ƙarshe, sai muka ga abin da ba wanda ya taɓa gani a Yalwawa: dorina ta yi murmushi, haƙora biyu a waje, kwaɗo ya cire hula ya rusuna. Mu duk mun ɗauka haka aka halicce ta da ɓacin rai. Shago ya kaure, shi kuwa ya buɗe ido ya tambaya ko an gama, ya koma tukuba.

Daga ranar kullum bayan la'asar sai ya shigo ya yi waƙa uku. Mutane suka rinƙa zuwa daga wasu unguwanni don su ga tsohon da ke wasa ido rufe. Ɗalibai in sun dawo hutu daga Kafin Hausa sukan zo da zaƙaƙuransu, su koma da kunya. Shekaru muka yi a haka, kuma ba na jin na taɓa jin daɗin sana'a kamar lokacin.

Sai shekarar da filasma ta cika kasuwa. Wani ya buɗe shago a bakin titi da talabijin na bango, sirara kamar faranti, samari suka fara cewa shagona ya zama gidan tarihi. Abin ya ci mini rai. Na tattara abin da nake da shi na sayo filasma babba, na kira ɗan gwangwan ya ɗauke mai ƙusumbi, har ina taya shi ɗora ta a kura. Na kafa sabuwa a bango, na ja baya ina kallonta kamar na auro ta.

Baba Tanko ya shigo da la'asar, ya ce ma sha Allah, ya zauna, ya rufe ido. Faranti na farko ya tarwatse. Na biyu ya bi shi. Kafin rabin waƙa dorina ta kore kwaɗo daga aiki, abin da bai taɓa faruwa a hannunsa ba. Na ce fad ce, na canza masa. Haka. Na goge idon inji, na kifa shi, na tayar da shi, na sauya waya. Haka dai. Samari ma a ranar duk sun fasa, don haka muka ce baƙunta ce, za a saba.

Su kam sun saba. Cikin mako guda hannunsu ya koyi danna maɓalli ɗan kaɗan kafin bugun ya zo, ba tare da sun san suna yi ba, farantansu suka daina fashewa. Baba Tanko kuwa hannunsa bai san wani wuri ba sai kan bugu. Shekara hamsin yana sauka a nan, ba zai koyi sauka a gefe ba. Ranar da wani mai gyaran babur, wanda ko tafi bai iya yi daidai ba, ya ci shi a gaban jama'a, sai ya ajiye fad a hankali, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ya ce, "To, ya zo ke nan." Ya fita, bai ƙara shigowa ba.

Ni a lokacin ban ɗauki abin da zafi ba, na ce tsufa ne, kowa zai je. Na lura dai tukuba ta yi shiru, yana zuwa ya zauna amma ba kalangu a hammatarsa. Sai da aka kusa wata uku, Sarkin Fawa ya shigo shagona da kansa, wuƙa a ƙugu, ba don ni ba, haka yake yawo. Ya ce saura kwana goma bikin ɗansa, za a yi hawan ƙaho kamar yadda mahauta suka gada, kuma Baba Tanko ya rantse ba zai yi kiɗa ba. Wai ya ce mai hawan ƙaho da kiɗa yake sanin lokacin da zai faɗa wa sa, kuma makaɗin da hannunsa ya fara latti zai sa a soke ɗan mutane. Ya rataye kalangu a ƙusa, ya ce a nemi wani.

"Wani wa?" in ji Sarkin Fawa. "Shi ya yi wa ubana, shi ya yi mini. Kai da kwaɗonka kun kashe mana makaɗi. Ka san yadda za ka yi."

Ya fita ya bar ni da ƙudajen da suka rako shi.

Kwana biyu bayan haka wata Hajiya ta aiko da tsohuwar talabijin ɗinta, irin mai ƙusumbi, ba ta kawo hoto. Ƙaramin aiki ne, dalma ce ta saki. Da na gama ina son in gwada, ba eriya a kusa, sai na jona mata injin kwaɗo da waya mai reshe biyu, ban cire filasma ba. Kiɗa ya tashi, sai na ji shi biyu. Tsohuwar ta buga, sabuwar ta biyo ta a baya, kamar mai waƙa da ɗan amshi. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma tana nan. Ashe ita filasma sai ta tsaya ta yi wa hoto kwalliya kafin ta nuna shi, ta riƙe sautin ma su fito tare, inji kuwa ba ya jiran kowa. Duk wanda ya danna daidai kan abin da kunnensa ya ji, a wurin inji ya makara. Na zauna a ƙasa. Wata uku na zargi fad, na zargi waya, na zargi tsufan bawan Allah, ban zargi abu ɗaya da na kafa a bango da hannuna ba. Na ji kunya ƙwarai, har na gode Allah da Malam Hudu ba ya kusa.

Na tafi gidan Baba Tanko a guje. Na same shi a zaure, ga kalangu can a ƙusa ƙura ta fara hawa. Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya gode da ladabi, Allah ya yi mini albarka, amma shi ba yaro ba ne da za a lallashe shi. Ta yaya sabon abu zai yi latti, tsoho ya yi daidai? Na ce ya zo ya gani da ta Hajiya, ya ce ba ya wasa da talabijin ɗin matan mutane. Kafin magariba ma Hajiya ta aiko an ɗauke abarta.

Na gane ba abin da zai shawo kansa sai wadda ya sani. Na nemo ɗan gwangwan, ina addu'ar kada ya ce ya fasa ta ya cire jan ƙarfe. Ya ce saura kaɗan, amma wani mai shayi a bakin tashar Kafin Hausa ya saye ta. Washegari da sassafe na cire filasma daga bango, na naɗe ta da bargon matata, na shiga bas na rungume ta a cinya.

Mai shayin sunansa Ado, ga mai ƙusumbi a kan teburinsa tsakanin gwangwanayen madara, ana kallon fim. Na gaishe shi, na buɗe bargo, na ce musaya na zo yi: ya ba ni tsohuwa, ya karɓi sabuwa, ba ciko. Na zaci zai rungume ni. Sai ya ajiye kofin da ke hannunsa, ya dube ni sama da ƙasa, ya aika a kira yayansa.

A lokacin ana ta jita-jitar wai tsofaffin talabijin da kekunan ɗinki akwai wani jan ruwa a cikinsu, wanda in ka samu cokali ɗaya ka gama da talauci. Ado ya ce ba mai hankalin da zai taso daga Dutse ya ba da sabuwa ya karɓi tsohuwa sai in ya san abin da ke ciki. Na ce wallahi wani tsoho ne ya daina kiɗa saboda kwaɗo yana fasa faranti. Da na ji yadda maganar ta fito daga bakina, ni ma na san ban taimaki kaina ba. Yayan ya ce lallai abin da ke ciki babba ne, tunda har an shirya masa ƙarya irin wannan.

Aka yanke cewa in buɗe bayanta a gaban shaidu. Masu shan shayi suka kewaye ni, direbobi suka bar lodi. Na kwance ta, na hana su sa hannu don irin waɗannan ko an kashe su suna riƙe wuta. Aka leƙa da tocila lungu-lungu. Ba abin da ke ciki sai ƙura, da yanar gizo, da wani busasshen ƙadangare da ban san shekarar da ya shiga ba. Ado ya sake leƙawa. Can ya ɗauko leda, ya sa na share masa ƙurar tas a ciki ya ƙulle, ko da wani abu. Ƙadangaren ma bai bar mini ba. Sannan ya karɓi filasma yana yi mini kallon wanda ya cuce shi. A hanyar dawowa kwandasta ya ce mai ƙusumbi fasinja ce, ita ta zauna a kujera, ni na raɓa a gefe.

Ban je na kira Baba Tanko ba, na san ba zai zo ba. Na mayar da ita kusurwarta, na jira la'asar, na ga ya zauna a tukuba ya ba shagona baya. Sai na ƙure muryar talabijin, na ce wa samari yau kwaɗo kyauta ne. Suka yi ca. Su da hannunsu ya saba riga bugu, yanzu ga talabijin mai faɗin gaskiya, sai faranti ya rinƙa tarwatsewa kamar ana rabon gado a gidan tangaran. Ina leƙensa ta labule. Ya jure waƙar farko. A ta biyu na ga kafaɗarsa tana motsi. Ana tsakiyar ta uku ya miƙe.

"Da can latti kuke yi, yanzu kuma gaggawa?" in ji shi daga bakin ƙofa. "Wa ke korar ku?"

Sai idonsa ya faɗa kan mai ƙusumbi. Na miƙa masa fad, ya mayar da hannu baya.

Na ce, "Baba, waƙa ɗaya. In ka fasa ko faranti ɗaya, na rufe shagon nan na koma gyaran rediyo. Ga Sarkin Fawa shaida."

Sarkin Fawa, da ya biyo shi da tsinken tsire a hannu, ya ce ya shaida, kuma shi zai kawo kwaɗon rufewa. Sai a lokacin na tuna cewa wata uku mutumin nan bai taɓa fad ba, kuma ban san wanda zai yi atishawa ba.

Ya zauna, ya ɗora ta a gwiwa. Ya jera yatsu huɗu. Ya rufe ido. Faranti na farko ya zo, kwaɗo ya cafe. Na biyu, ya cafe. Wajen na goma ƙafarsa ta fara taka ƙasa. Shagon nan da ba a jin kiran salla saboda hayaniya, ranar har ƙarar man tsire a tukuba ana ji. Da kiɗa ya kai wurin da yake ninka sauri, inda kowa ke zubewa, na kasa kallo, na koma kallon silin. Ihun samari ne ya sauko da ni. Dorina ce, haƙora biyu a waje.

Baba Tanko ya buɗe ido, bai kalli talabijin ba. Hannunsa ya kalla, ya juya shi gaba da baya.

"Wata uku ina zagin hannun nan," ya ce.

Na ce, "Laifina ne, Baba."

Ya ce, "Na sani."

Ranar biki na je na tsaya can baya, don ni da sa ba ma shiri. Na ga an saki igiya, na ji kalangun Baba Tanko ya canza murya, mai hawa ya faɗa tsakanin ƙahoni kamar an ajiye shi. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane.

Samari kuma sai da suka yi mako biyu suna fasa faranti kafin hannunsu ya dawo hanya. Wasunsu yanzu magidanta ne, sukan zo da 'ya'yansu su nuna musu kwaɗo, su ce a nan aka ga murmushin dorina. Ina da filasma uku a bango don masu ƙwallo, su ba ruwansu. Amma kwaɗo ba ya hawa bango a shagona.

Bayan biki da kwana biyu na fito zan wuce ta gaban tukuba, sai na ji kalangu ya ɗauko kiɗan kwaɗo, tsaf, bugu bayan bugu. Na tsaya ina jin daɗi, na ce yau an yi mini take. Da ya zo bugun ƙarshe sai ya riƙe sanda a sama, ya dube ni, sannan ya sauke ta a makare. Mahauta suka fashe da dariya har wani ya yar da wuƙa. Tun daga ranar ya zama takena, ko daga nesa ya hango ni sai ya buga, har yaran unguwa suka iya shi da baki. Shekara tara yana yi mini, har Allah ya karɓi abinsa. A iya sanina, wannan ne kaɗai lattin da hannun Baba Tanko ya taɓa yi, kuma da gangan ya yi shi.